Yadda ake gudanar da aikin zayyana masana'anta a rukuni, ga ɗaliban injiniyan sinadarai

A shekarar ƙarshe ta digirin injiniyan sinadarai akwai ranar da malami zai shigo aji da takarda guda, ya raba ku rukuni-rukuni, mutum huɗu zuwa shida, ya ce kowane rukuni ya zayyana masana'anta sukutum: inda ɗanyen kaya zai shiga, inda haja za ta fito, na'urorin da ke tsakani, kuɗin ginawa, da haɗurran da ke ciki. Ba ra'ayin malamin kaɗai ba ne. Hukumomin da ke tantance karatun injiniya, irin su IChemE ta Birtaniya da ABET ta Amurka, suna sharɗanta babban aikin zayyana kafin su amince da digiri, kuma suna son ganin ɗalibi ya iya aiki tare da wasu.

Shekaru uku ko huɗu kun saba da tambayar da amsarta ke bayan littafi. Wannan ba ta da amsa a ko'ina. Amma abin da na lura da shi shi ne, ba wuyar lissafi ke kayar da yawancin rukunoni ba. A mahaɗa suke faɗuwa, wato inda aikin wannan ya tsaya na wancan ya ɗora. Masana'anta abu ɗaya ce da bututu ya sarƙe ta. Abin da ya fita daga na'urarka shi ne ke shiga na'urar abokiyar aikinka, in ka sauya lamba ɗaya ba ka faɗa ba, ka rushe mata aikin mako biyu. Duk matakan da ke tafe a kan tsare wannan mahaɗa aka gina su. Zan riƙa buga misali da masana'antar amoniya mai fitar da tan 1,000 a rana, amma tsarin ɗaya ne ko me aka ba ku.

Makon farko: kada ku raba komai tukuna

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna ranar farko a ce "kai ɗauki babi na ɗaya, ke ɗauki na biyu," sannan kowa ya watse sai an kusa miƙa aiki. Ku bar rabon nan sai nan gaba. Ku zauna gaba ɗaya ku karanta takardar umarnin aikin da ƙarfi, jimla bayan jimla, ku rubuta duk abin da aka ba ku da duk abin da aka bar muku ku yanke da kanku. Daga nan ku fitar da shafi ɗaya ko biyu wanda shi ne tushen zayyanarku. Tun ran gini ran zane.

A shafin nan ku rubuta yawan hajar da ake so da tsarkinta, da abubuwan da ke cikin ɗanyen kaya har da gurɓatattun da ke tare da shi. Ku rubuta awa nawa masana'antar za ta yi aiki a shekara. Shekara awa 8,760 ce, amma an saba ɗaukar kimanin 8,000 domin a bar lokacin gyara da tsayawar ba-zata. In mutum ɗaya ya yi lissafi da 8,760 wani ya yi da 8,000, kun riga kun sami saɓanin kusan kashi 10 cikin 100 kafin ku taɓa na'ura ko ɗaya. Ku rubuta zafin ruwan sanyaya da za ku samu, da matsin tururin da ke akwai, da iyakar aikinku: shin sarrafa dagwalon ruwa yana cikin shingenku ko na wasu ne? Ku rubuta kuɗin da za ku yi ƙiyasi da shi da shekarar farashin.

Sannan ma'auni. Ku zaɓi tsari ɗaya, kilogiram a awa, kilomol a awa, bar, digirin Salsiyos, kilowat, kowa ya bi. Ku fayyace ko matsin da kuke rubutawa cikakke ne ko na kan agogon awo ne, domin bar ɗaya ke tsakaninsu. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna kumbon da hukumar NASA ta aika duniyar Mas wanda ya salwanta a 1999. Wani sashen ma'aikata ya miƙa lambobinsa da ma'aunin fam irin na Amurka, sashen da ya karɓa ya ɗauka da ma'aunin niyuton ne. Kowannensu ƙwararre ne a fanninsa, a wurin miƙa wa juna aka sami ɓarakar.

Ku kafa dokar zama

Wannan ba ya cin lokaci. Ku tsayar da ranar taro ɗaya a mako wadda ba ta motsi, ban da zamanku da malami mai duba aiki. Kowane taro wani ya rubuta abu uku: me aka yanke, wa zai yi me, zuwa yaushe. Ku buɗe ma'ajiya ɗaya a intanet da kowa ke iya shiga, ku haramta tura fayil ta saƙon waya, domin ta nan ne ake wayar gari da kwafi biyar na aiki ɗaya ba a san na gaskiyar ba. Sunan kowane fayil ya ƙunshi kwanan wata. Ku ja wa kanku wa'adi na cikin gida, kwana goma kafin na jami'a.

Shugabanci kuna iya juya shi duk bayan 'yan makonni don kowa ya ɗana. Amma akwai muƙami ɗaya da nake ba da shawarar kada a juya shi: mai riƙon jadawalin magudanai, wato jadawalin abin da ke bi ta kowane bututu. Zan dawo kansa.

Zaɓen hanya

Kusan kowane sinadari akwai hanya fiye da ɗaya ta samar da shi. Ita amoniya, haɗa naitirojin da haidirojin ake yi a kan katalis na ƙarfe (abin da ke gaggauta haɗuwar), hanyar Haber da Bosch wadda kamfanin BASF ya fara aiki da ita a Oppau ta Jamus a 1913. Inda zaɓi yake shi ne a ina za a samo haidirojin: daga iskar gas da tururi, daga kwal, ko daga tsaga ruwa da lantarki. Ku ba kowane mutum ko mutum biyu hanya ɗaya su bincika na mako guda, kowa ya dawo da amsar tambayoyi iri ɗaya, don kwatancin ya yi adalci.

Gwajin farko mai sauƙi ne: darajar hajar da za ta fito, a debe kuɗin ɗanyen kayan da lissafin haɗuwar sinadarai ya nuna ana bukata. In tun a nan an faɗi, babu dabarar injiniya da za ta ceto hanyar. Waɗanda suka tsallake sai ku auna su da haɗari, da hayaƙin da suke fitarwa, da ko an taɓa gina irinsu a girman da kuke so, da kuma wani abin da ɗalibai ke mantawa: ko akwai bayanan da za ku yi lissafi da su. Hanyar da ta burge ku amma babu bayanin saurin haɗuwar sinadaranta a rubuce za ta bar mai zayyana riyakta, wato na'urar da sinadaran ke haɗuwa a cikinta, hannu rabbana a mako na takwas. Da kun zaɓa, ku rubuta dalili, ku rufe maganar. Rukunin da ya koma sauya hanya a tsakiyar zango da wuya ya farfaɗo.

Lissafin shiga da fita: da hannu, kuma kowa da kowa

A nan nake so ku fi daɗewa. Ku sami allo, ku zana akwatuna da kibau, kowane akwati babban sashe ne. Ku fara daga riyakta, domin ita ke faɗin abin da za a ciyar da ita da abin da za a raba bayanta. Rarrabewa ta biyo baya, sannan musayar zafi, sannan tururi da ruwan sanyi da lantarki. Daga ciki ake fitowa waje.

Ku yi lissafin farko da alƙalami, kada kowa ya buɗe manhaja. Tan 1,000 a rana tan 41.7 ne a awa. Nauyin kilomol ɗaya na amoniya kilogiram 17 ne da ɗan ɗoriya, saboda haka kuna neman kilomol kusan 2,450 a awa. Kowane mol biyu na amoniya yana cin mol uku na haidirojin da mol ɗaya na naitirojin, ke nan haidirojin kilomol 3,670, naitirojin kilomol 1,220. A nauyi, haidirojin tan 7.4, naitirojin tan 34.3. Ku tara, tan 41.7 ya dawo. Abin da ya shiga ya yi daidai da abin da ya fita. Waɗannan lambobi huɗu ko biyar kowane ɗan rukuni ya haddace su, ko cikin barci aka tashe shi.

Yanzu ga inda aikin ke daɗi. A zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin bar 150 zuwa 250, kaso kaɗan ne na gas ɗin ke zama amoniya a wucewa ɗaya, bai cika haura kashi 20 cikin 100 ba. Dole a sanyaya, a ɗebe amoniyar da ta zama ruwa, a mayar da ragowar gas cikin riyakta. To amma naitirojin daga iska aka samo shi, ita kuwa iska tana ɗauke da agon kusan kashi 1 cikin 100, ga kuma ɗan ragowar iskar gas da bai sarrafu ba, in daga ita kuka samo haidirojin. Waɗannan ba sa shiga haɗuwar, ba sa kuma zama ruwa. Suna shiga zagayen ba su da ƙofar fita, sai su yi ta taruwa har su shaƙe riyakta. Dole ku buɗe musu kafa, ku riƙa zubar da wani kaso na gas ɗin zagaye.

Nawa za a zubar? A ce sabon gas da ke shigowa kilomol 4,900 ne a awa, kuma kashi 1 cikin 100 nasa waɗannan 'yan rakiya ne, wato kilomol 49. In kun yarda su kai kashi 10 cikin 100 a wurin kafar, sai kun zubar da kilomol 490 a awa kafin 49 ɗin nan su fita. Mafi yawan abin da kuka zubar kuwa haidirojin ne mai tsada, wanda ke nufin 4,900 ɗin farko ma bai isa ba, sai an ƙara, sai a sake zagayo lissafin. In kun ƙyale su su kai kashi 15, zubarwa ta ragu zuwa kusan 330, amma riyakta da kwamfuresa, wato injin matse gas, za su ƙara girma domin suna jan kayan banza. Babu littafin da zai faɗa muku inda za ku tsaya. Wannan ita ce zayyana, kuma shi ya sa bai kamata a bar wa mutum ɗaya ita ba: shawarar ta taɓa mai riyakta, ta taɓa mai kwamfuresa, ta taɓa mai lissafin kuɗi.

Haka za ku yi wa zafi. Haɗuwar tana sakin kimanin kilojul 46 a kowane mol na amoniya a yanayin awo na yau da kullum, wato sama da megawat 30 a masana'antarku. Tun yanzu kun san akwai tururin da za a samar, kuma kun san sai an sanyaya gas ɗin tsakanin hawan katalis ɗaya da na gaba a cikin riyakta.

Sai manhaja

Bayan lissafin hannu ya tsaya, ku shiga manhajar kwaikwayon masana'anta, irin su Aspen Plus ko HYSYS ko CHEMCAD, ko DWSIM wadda kyauta ce in jami'arku ba ta da lasisin sauran. Shawarar da ta fi kowace nauyi tana shafin farko, inda ake zaɓen tsarin lissafin halayen sinadarai, kuma nan ne ɗalibai ke danna abin da suka tarar su wuce. Gas a matsi mai yawa da dangogin man fetur, Peng-Robinson ko makamancinsa ya dace da su. Ruwaye masu jan juna kamar etanol da ruwa suna bukatar irin su NRTL. In kun zaɓi wanda bai dace ba, manhaja za ta nuna muku cewa tacewa ta yau da kullum ta ba ku etanol tsantsa, alhali a matsin iska na al'ada ba ya wuce kimanin kashi 95.6 cikin 100 a nauyi, ko hasumiyar tacewar ta kai sama. Ba za ta yi muku gargaɗi ba, lambobi masu kyan gani za ta jero muku.

Ku riƙa gina zanen na'ura bayan na'ura, kuna gwada kowace kafin ku ƙara ta gaba, zagayen komawa kuwa ku rufe shi a ƙarshe, kuna ba shi lambobin lissafin hannu a matsayin mafari. Da ta kammala, ku ajiye sakamakonta kusa da na alƙalami. In sun yi hannun riga, ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure, kuma ba kullum alƙalamin ba ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: famfon da ya fito da bukatar megawat 50, ko bututun da faɗinsa ya kai mita uku, ba sai an faɗa muku akwai matsala ba.

Kada mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ya iya manhajar. Aƙalla mutum biyu su iya buɗe fayil ɗin su sarrafa shi.

Jadawali ɗaya, sannan rabo

Yanzu ku zana cikakken zanen kwararar aiki, wanda ake kira PFD, ku ba kowace magudana lamba, ku fitar da jadawali mai nuna yawan kwarara, da abin da ke ciki, da zafi, da matsi na kowace. Ku kai wa malami ya gani. Daga nan ku kulle shi. Sai yanzu ne lokacin rabo ya yi: wannan riyakta, wannan kwamfuresa, waccan na'urorin musayar zafi, wancan tankuna da sashen rarrabewa.

Ga aikin mai riƙon jadawali. Duk wanda ke bukatar lamba, daga jadawalin zai ɗauka, ba daga bakin aboki ba. Duk wanda lissafinsa ya nuna dole lamba ta sauya, kuma hakan zai faru, ba shi da ikon sauyawa shi kaɗai. Zai kawo wa taro, a duba wa da wa sauyin zai taɓa, in an amince mai riƙo ya fitar da sabon bugu mai lamba da kwanan wata. Na taɓa karanta rahoton wani rukuni da gas ya bar riyakta a wani zafi a babi na huɗu, ya isa na'urar da ke biye da ita a babi na biyar da bambancin digiri 40, ba tare da komai a tsakani ba sai bututu. Kowane babi shi kaɗai ya yi kyau. Na tausaya musu ƙwarai, domin sun sha wahala, kuma taron minti goma da ya ishe su.

Kowace na'ura ta sami mai ita da kuma mai bin diddigi, wanda zai sake lissafin ta gajeruwar hanya ba tare da ya kalli na farko ba. Misali, na'urar musayar zafi mai ɗaukar megawat 1, in ƙarfin ratsawar zafi wat 500 ne a kowace murabba'in mita a kowane digiri, tazarar zafi kuma digiri 20, faɗin da ake bukata murabba'in mita 100 ne. In mai ita ya kawo 1,000, a zauna. Ku lura kuma cewa in aka matse tazarar zuwa digiri 10 faɗin ya ninka, an ceto makamashi an kashe kuɗin ƙarfe. Dabarar haɗa magudanai masu zafi da masu sanyi da Bodo Linnhoff da abokan aikinsa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1970 a kan wannan ciniki take, kuma ba ta yiwuwa sai an ɗora magudanan kowa a tebur ɗaya. Masu hasumiyar tacewa su fara da gajerun hanyoyin Fenske da Underwood da Gilliland kafin manhaja, su ɗauki abin da ake mayarwa saman hasumiya kamar ninki 1.2 zuwa 1.5 na mafi ƙaranci. Kada a manta da kayan gini: amoniya tana cin tagulla da danginta, haidirojin mai zafi da matsi kuma yana lalata ƙarfe na gama-gari daga ciki.

Wanda aka gyara wa lissafi kada ya ji zafi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tsaro ba babin ƙarshe ba ne

Rahotanni da yawa suna liƙa maganar haɗari a ƙarshe kamar an tuna da ita a bakin ƙofa. Ku sani wannan fanni da jini aka koye shi. A ranar 1 ga Yuni 1974 a Flixborough ta Ingila, an cire riyakta ɗaya da ta tsage daga jerin guda shida, aka haɗa giɓin da bututun wucin gadi ba tare da cikakken lissafi ba. Bututun ya ɓalle, sinadarin saikuloheksen ya fashe, mutum 28 suka mutu. A Disamba 1984 a Bhopal ta Indiya, ruwa ya shiga tankin wani sinadari mai guba da aka tara tan-tan, alhali sinadarin tsaka-tsaki ne kawai a hanyar yin maganin ƙwari. Dubban mutane suka rasu. Trevor Kletz, wanda ya yi shekaru yana aikin tsaro a kamfanin sinadarai na ICI a Birtaniya, ya yi ta nanata cewa abin da ba ka tara ba ba zai tsiyaya ba. Saboda haka tun a zaɓen hanya ku tambayi kanku: za mu iya rage abin da muke ajiyewa? Akwai sinadari mai sauƙin haɗari da zai maye gurbin wannan? Za mu iya aiki a matsi ko zafi mafi sauƙi? Dalilin da ya sa ake ajiye amoniya mai yawa a sanyaye, kusan digiri 33 ƙasa da sifiri, a matsin iska na al'ada ke nan.

Bayan kun zana zanen bututu da na'urorin awo na sashen da aka ce ku zurfafa, ku yi zaman binciken haɗari da ake kira HAZOP, wanda shi ma a ICI aka faro shi a shekarun 1960. Ga yadda ake yi. Mutum ɗaya ya jagoranta, kuma kada ya zama mai sashen. Wani ya rubuta. Ku ɗauki bututu ɗaya, ku faɗi abin da ake nufin ya yi. Sannan ku riƙa jefa masa kalmomi: babu, ya yi yawa, ya yi kaɗan, ya juya baya, wani abu ya biyo shi, wani abu dabam ya zo. Babu kwarara: me zai jawo haka? Famfo ya tsaya, bawul ya maƙale a rufe. Me zai biyo baya? Wa zai sani, ta wace na'ura? Me zai kare mu? In babu, me za mu ƙara? Ku bi haka da matsi, da zafi, da tsayin ruwa a tanki. Sashe ɗaya da aka bi da gaske ya fi shafi talatin na jadawalin da aka kwafo. Abin da zaman ya gano kuma ya koma kan zane. In kun rubuta cewa ana bukatar bawul ɗin sakin matsi amma ba ya cikin zanenku, mai jarrabawa zai gani.

Kuɗi

Farashin na'ura ana samunsa daga jadawalan ƙiyasi, sai a gyara shi ta fuska biyu. Ta girma: farashi yakan tashi da girma a kan ƙarfin 0.6, ma'ana in girma ya ninka biyu farashi ya ƙaru da kusan rabi kawai. Ta shekara: a yi amfani da mizanin CEPCI, mai bin sauyin farashin ginin masana'anta daga shekara zuwa shekara, a ɗauko tsohon farashi zuwa shekarar da kuka tsayar tun makon farko. Jimillar kuɗin na'urori kuma ba ita ce kuɗin masana'anta ba. Kafawa, bututu, lantarki, gine-gine da sauransu suna ninka ta. Ƙiyasin Lang na masana'antar da ke sarrafa ruwa da gas ninki 4.74 ne.

Irin wannan ƙiyasi yana iya kaucewa da kashi 30 cikin 100 sama ko ƙasa, don haka kada ku rubuta jimilla har da ƙananan lambobin ƙarshe kamar rasit. Ku fitar da shekarun mayar da jari da darajar ribar gaba a kuɗin yau, sannan ku girgiza lambobin: in iskar gas ta ƙara tsada da kashi 20, me zai faru? In hajar ta faɗi fa? In lissafi ya nuna aikin asara ne, ku faɗa, ku nuna a wane farashi zai fara riba. Wannan sakamako ne ingantacce. Murɗa lambobi don a ga riba shi ne abin kunyar.

Wanda ba ya aiki, da wanda ya kwashe aikin duka

Kusan kowane rukuni sai ya gamu da ɗaya daga cikinsu. Wanda ya yi shiru, ku neme shi da wuri, mutum ɗaya ya same shi su biyu kawai. Sau da yawa ba lalaci ba ne. Ya kasa gane sashensa ne kunya ta hana shi faɗa, ko wata damuwa ce ta sha kansa. Ku yanka masa aiki ƙarami mai iyaka da rana, ku haɗa shi da wani. In an yi haka sau biyu ba canji, ku sanar da malami tun ana tsakiyar zango, da rubutun tarukanku a hannu. Ƙorafin da aka kai a makon ƙarshe ba ya gyara komai. Jami'o'i da yawa suna ba ɗalibai damar auna gudunmawar juna a asirce, kuma tana shafar maki. Ku cika ta da gaskiya, ba ramuwa ba, ba kuma rufa-rufa ba.

Shi kuwa gwanin da ke karɓe aikin kowa don yana ganin ya fi iyawa, a ganina ɓarnarsa ba ta gaza ta na farko ba. Yana hana mutum huɗu koyon abin da suka zo koya, kuma ranar da ya kwanta ciwo aikin ya tsaya cak. In kai ne, ka koyar, kada ka karɓe.

Rahoto da ranar kare aiki

Ku riƙa rubutu tun kuna lissafi, domin dalilin da ya sa kuka zaɓi bar 180 a mako na biyar ba za ku tuna shi a mako na goma sha biyu ba. Duk zato da kuka yi ku rubuta shi a fili tare da hujjarsa. Dogayen lissafai su tafi rataye, jikin rahoto ya ɗauki shawarwari da dalilansu. Idan an haɗa, mutum ɗaya ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe ya daidaita harshe da alamomi, wani kuma ya ɗauki jadawalin magudanai ya bi kowace lamba a kowane babi yana gwadawa. Taƙaitawar shafin farko a rubuta ta a ƙarshe, ta amsa tambayar mai zuba jari: a gina ko kada a gina, nawa, da wane haɗari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu jarrabawa sun san dabarar tambayar mai kwamfuresa game da riyakta, da tambayar mai lissafin kuɗi dalilin kafar zubar da gas. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ku zauna kowa ya gabatar da sashen wani, mai sashen yana saurare yana gyarawa. Ku buga zanen kwararar aiki a babbar takarda, kowa ya bi shi da yatsa daga ɗanyen kaya zuwa tankin ajiya yana bayani da baki, ba tare da duba rubutu ba. In an yi muku tambayar da ba ku lissafa ba, kamar me zai faru in ruwan sanyaya ya ƙara zafi da digiri 5, kada ku ƙirƙiro lamba. Ku koma kan zanen ku bi sawun abin: amoniyar da za ta zama ruwa ta ragu, wadda za ta koma riyakta ta ƙaru, abin da ke haɗuwa a kowace wucewa ya sauka, sai injin sanyaya ya ɗauki ƙarin nauyi ko kuma haja ta ragu.